An sallame ni daga aiki ina da juna biyu: in kama ƙaramin aiki ko in nemi tallafi?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 30, muna zaune da maigida a arewacin Ingila, kuma dukanmu muna da takardar zama ta dindindin. Shekara uku ke nan ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, albashina fam 460 a mako kafin a cire haraji. Ina da juna biyu na mako 18, na fari, na kuma sanar da su tun watan jiya. Sai ga takarda wai za a rage ma'aikata, har da sashenmu. Aikina zai ƙare nan da mako uku.

Wani shago ya yi min tayin aikin awa 20 a mako, fam 12.21 kowace awa. Maigida ya ce in huta kawai in nemi tallafin gwamnati. Ƙawata kuma ta ce in na karɓi ƙaramin aiki kuɗin haihuwa zai ragu, wai da albashin ƙarshe ake lissafi. Maigida yana kawo fam 1,900 a wata, haya 850, ajiyarmu ba ta kai 4,000 ba. Sannan shagon ba su san ina da ciki ba, abin yana damuna. Wanne ya fi?

Ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya musanya miki da mafi alheri. In jikinki ya yarda, ki karɓi aikin shagon. Amma kafin nan akwai maganar da ba ki gama da tsohon kamfaninki ba, kuma ita ce mai gaggawa. Duk kuɗaɗen da zan ambata na shekarar haraji ta 2025/26 ne, ana sauya su kowane Afrilu.

Ɗauko kalanda. Nemo Lahadin makon da aka ƙiyasta miki haihuwa, ki ƙirga mako 15 baya. Duk macen da ta yi mako 26 a jere a wuri ɗaya, kuma tana kan aikin ko da kwana ɗaya ne cikin wannan makon, kamfanin zai biya ta kuɗin haihuwa da doka ta ɗora masa, wato SMP, ko an sallame ta daga baya, muddin matsakaicin albashinta ya kai fam 125 a mako. Ke za ki fita a mako na 21, makon da ake nema kuma yana wajen na 25. Abin da ya raba ki da shi kusan mako huɗu ne kacal. SMP yana biyan kashi 90 cikin ɗari na albashi a makonni shida na farko, a wajenki fam 414 ke nan a mako, sannan ya sauko 187.18. Bambancinsa da kuɗin haihuwa na gwamnati, wanda zan yi bayaninsa a gaba, ya haura fam 1,300. Saboda haka ki rubuta musu ki nemi a matsar da ranar barin aikin zuwa cikin wancan makon, ko da ta hanyar cinye kwanakin hutun da kike bin su ne. Ki tuna musu cewa aƙalla kashi 92 na kuɗin hukumar haraji ce take mayar musu. Suna iya ƙi, amma kada ki yarda a dunƙule miki kuɗin makonnin notis a ce ki tafi yau, don hakan yana ƙara nesanta ki da ranar.

A wasiƙar nan dai, ki tambaye su guraben da ke akwai. Tun 6 ga Afrilu 2024, mai juna biyu da ta sanar da wurin aikinta tana da fifiko: in akwai wani gurbi da ya dace da ita, ita za a fara ba, ba tare da ta yi takara da kowa ba. Ki nemi dalilin sallamar a rubuce, haƙƙinki ne. In kin ga alamar cikin ne ya sa aka zaɓe ki, dokar daidaito ta 2010 ta hana hakan, sai dai lokacin ƙorafi gajere ne, wata uku ba kwana ɗaya, kuma ta ACAS, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, ake farawa. Kuɗin sallamarki albashin mako ɗaya ne kan kowace shekara, fam 1,380, babu haraji a kansa.

To, a ce SMP bai samu ba. Sai ki karɓi takardar SMP1, mai nuna dalilin da ba a biya ki SMP ba, ki nemi kuɗin haihuwa na Maternity Allowance daga gwamnati, kuma a nan ne ƙawarki ta yi kuskure. Ba da albashin ƙarshe ake lissafi ba. Ana duba makonni 66 kafin makon haihuwa: kin yi aiki mako 26 a ciki? Kin yi fiye da 40. Sannan ke da kanki kike zaɓar makonni 13 mafi tsoka ki tura takardun albashinsu. Ki tura na tsohon aikinki, a ba ki cikakken fam 187.18 a mako har mako 39, ba haraji. Aikin shago ba zai taɓa wannan ba. Inda mata ke cutar da kansu shi ne su tura takardun albashi na baya-bayan nan don su ne a kusa, sai a yi musu lissafi da ƙaramin kuɗi. Kuma da yake yawancin kamfanoni a intanet suke ajiye takardun nan, ki sauke na wata shida tun kafin a rufe miki shafin. Fom ɗin sunansa MA1, ana karɓarsa daga mako na 26, tare da takardar shaidar ciki ta MAT B1 da ungozoma ke bayarwa daga mako na 20.

Yanzu shawarar maigida. In kin zauna, abin da za ki nema shi ne New Style JSA, tallafin masu neman aiki, wanda ya dogara da kuɗin inshorar ƙasa da aka cire miki a shekarun haraji biyu da suka wuce. Ba ruwansa da albashin miji ko ajiya. Fam 92.05 ne a mako, kwana bakwai na farko ba a biya, kuma ba hutu ba ne yadda maigida yake zato: za ki sa hannu kan alƙawarin neman aiki, ki riƙa zuwa ofis ana duba ƙoƙarinki. Shagon kuwa fam 244.20 ne a mako. Kada wani ya ce ki rage awannin su koma 15 don ki haɗa biyun. Gaskiya ne ƙasa da awa 16 ba ya hana nema, amma bayan fam 5 na farko duk fam ɗin da kika samu ana zare shi daga JSA, don haka albashin awa 15 zai cinye shi tas.

Abin da ya fi nauyi a wajena shi ne ranar da kuɗin haihuwar zai fara. Macen da ba ta da aiki, dole ya fara mata saura mako 11 ta haihu, wato a mako na 29. Makonni 39 ɗin za su ƙare jariri na wata shida da 'yan kwanaki. Mai aiki ita ke zaɓar ranarta. In kika yi aiki zuwa mako na 36, kuɗin zai kai ki har jariri ya yi wata takwas, ga albashin mako 15 da ya kai fam 3,600 a maimakon JSA da bai wuce 650 ba. Ki cire kuɗin mota da ɗan haraji, har yanzu tazarar babba ce. Ga shi kuma kina da wurin komawa, domin hutun haihuwa na mako 52 haƙƙin ma'aikaciya ne tun daga ranar farko. Ki dai karanta kwantiragin da kyau, ki tabbata shagon ne ya ɗauke ki kai tsaye da awanni tabbatattu. In ta hannun dillalan aiki ne, ko irin wanda sai an kira ki, haƙƙin komawar ba shi da tabbas. Ki miƙa musu P45 ɗinki, takardar haraji da tsohon kamfani zai ba ki, don kada a yanke miki harajin da ya wuce ƙa'ida.

Universal Credit, tallafin gwamnati ga masu ƙaramin samu, tare da maigida za ku nema, kuma daga kowane fam na albashinsa ana rage kwabo 55, wato fam 1,045 a wata. Kason ma'aurata 628.10 ne, sai abin da aka yarda a biya na haya, wanda ba lallai ya kai 850 ba. Ɗan abin da ya saura, JSA ko albashinki zai share shi, kuma Maternity Allowance ma fam da fam ake cire shi. Bayan haihuwa lissafin yana sauyawa, don ana ƙara 292.81 na yaro, a kuma ƙyale fam 411 na farko na albashin maigida. Ranar da kika dawo daga asibiti ku sake lissafi a shafukan lissafin tallafi na intanet, Turn2us ko entitledto. Ko fam 20 aka ce za a ba ku ku nema, domin shi ke buɗe ƙofar tallafin Sure Start na fam 500 ga ɗan fari, wanda ake nema kafin jariri ya wuce wata shida. Ajiyarku da kuɗin sallama ba su kai 6,000 ba, ba za su rage komai ba.

Ga 'yan'uwa masu karatu da bizarsu ta hana cin kuɗin jama'a: Universal Credit da Sure Start suna cikin abin da aka hana ku, amma SMP da Maternity Allowance da New Style JSA ba sa ciki, don guminku ne. Wadda kuma kamfani ne ya ɗauki nauyin bizarta, ta ga lauyan shige da fice a makon da aka ba ta takardar sallama.

Batun sanar da shago, ki kwantar da hankalinki. Doka ba ta ɗora miki faɗa kafin a ɗauke ki ba, su ma ba su da hurumin ƙin ɗaukarki saboda ciki. Wajibin da ke kanki shi ne ki sanar kafin saura mako 15, wanda a wajenki wata ɗaya ne bayan fara aiki. Ni dai ina ganin ki sa hannu a kwantiragi, sannan ki sanar a rubuce cikin makon farko. Da wannan takardar ce za su duba haɗarin aikin gare ki, su rage miki doguwar tsayuwa da ɗaukar kaya, su kuma biya ki awannin zuwa awo. In ungozoma ta ga hawan jini ko wani abin da tsayuwa za ta tsananta, maganarta ce gaba da duk lissafin nan, kuma Maternity Allowance ɗinki yana nan cikakke ko kin bar shagon bayan mako biyu.

Wasiƙar tsohon kamfani ki tura ta gobe ta imel, ki ajiye kwafi. In sun yarda su matsar da ranar, ki kira Maternity Action, ƙungiyar ba da shawara kan haƙƙin masu juna biyu, kafin ki tsayar da ranar fara aiki a shago, domin ƙa'idar yin aiki a wani wuri ana karɓar SMP daban take da wadda na yi miki bayani.