Zuwa ga ɗan ƙanwata mai neman ƙafar gudu

Saƙonka na uku ke nan cikin mako biyu. Bidiyon Baturen nan mai gudu da lanƙwasasshiyar ƙafa kuwa, na gan shi tun kana firamare. Ka ce, "Kawu, a samo mini gurbin karatu a Ingila, na ji can kyauta ake ba da irin wannan, in samu in koma ƙwallo." Mahaifiyarka ma ta kira tana cewa na yi maka shiru. Na yi shiru ne saboda kwana tara ina zaune a ɗaki ƙafata ta roba tana jingine da bango. Wani ɗan ƙurji ne da bai kai ƙwayar wake ba ya fito mini a gefen dungu, ya hana ni sa ta. A Ingilar da kake mafarki ne wannan ya faru, shekara goma sha tara bayan an yanke tawa.

Kai kana ganin ƙafar roba kamar waya ce, a biya kuɗi a ɗauko a kwali. Doki ce, ɗana. Kuɗin sayenta shi ne mai sauƙi, ciyar da ita ke karya mutum. Kuma abin da ke cikin bidiyon, wanda ya ɗauke maka hankali, shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikinta. Ran ƙafa yana cikin soket, wato kwanon nan da dungu ke shiga. Shi ba a sayo shi a shago. A jikinka ake ɗaukar awonsa, a gwada, a goge nan, a cike can, ka tafi gida ka yi sati kana takawa, ka dawo da ja a fata a sake gyarawa. Kai wata bakwai kacal da yanke taka, dungunka bai gama sacewa ba. Soket ɗin da ya zauna maka daram yau, kafin babbar salla zai riƙa juyawa kamar takalmin yayanka. A shekarar farko canjawa ake yi, wani sau biyu, wani fiye.

Ko bayan ya daidaita, dungu ba ya zama wuri ɗaya. Da safe a cike yake, da la'asar ya saɓe. Shi ya sa ba na fita sai da safa biyu ko uku a aljihu. Sau nawa na shige banɗakin wurin aiki, na cire ƙafar, na zare laina, safar silikon ɗin nan da ke manne da fata, na juye zufar da ta taru a ciki kamar mai zubar da ragowar shayi, na share, na ƙara safa, na fito ina murmushi kamar ba abin da ya faru. A ƙasar sanyi ke nan. Ka auna da zafin Zariya a watan Afrilu. Lainar kanta wata shida zuwa shekara take yi ta yage ko ta saki, kuma biyu ake so, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Tafin roban da ke shiga takalmi yana tsagewa. Ƙafar gaba ɗaya, ga mai kazar-kazar irinka, shekara uku zuwa biyar ce. Shekararka 23. Ka lissafa ƙafa nawa ke gabanka in Allah ya yi tsawon rai.

Ban taɓa ba ka labarin ƙafata ta farko ba. Bayan haɗarin hanyar Kaduna, da ɗaurin mai ɗorin da ya ruɓar da abin da likita zai iya cetowa, marigayi kakanka ya sayar da gonarsa ta bayan gari ya ba wani ɗan kasuwa da ya ce zai kawo ƙafa 'yar waje. Ya kawo kuwa. Gwanjo ce, ta wani ƙato da ya fi ni tsawo da kauri. Aka cusa tsumma da soso aka ce in daure zan saba. Sati uku na daure, dungu ya ɗaye har ɗinki ya buɗe. Ƙafar ta ƙare a ƙarƙashin gadon kakarka, kuma har ya rasu bai taɓa ambaton gonar a gabana ba. Duk sanda na ji wani ya ce "'yar waje ce", cikina juyawa yake.

To, maganar kyauta. Ɗalibi daga Najeriya yana biyan kuɗin lafiya tare da biza, fam 776 a kowace shekara tun Fabrairun 2024, kuma na duk tsawon bizar ake karɓa lokaci ɗaya kafin ka taka jirgi. Da wannan kana da haƙƙin zuwa asibitin gwamnati, NHS, kuma gaskiya ne za su yi maka ƙafa, su ba ka laina da safa ba ka ciro ko kwabo ba. Ba zan ɓoye alherinsu ba, da shi nake tafiya. Amma sai likitan unguwa ya tura ka, sai ka bi layi, kuma su ke zaɓar abin da ya dace da kai, bidiyonka ba ya cikin lissafi. Ƙafar gudun nan, irin Cheetah ta kamfanin Össur na ƙasar Aisland, wadda Oscar Pistorius ya yi gudu da ita a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ba ta cikin abin da ake raba wa manya haka kawai. Yara aka ware wa kuɗinta. Babba yawanci sai ya nemi ƙungiyar agaji ko ya cire dubban fam daga aljihunsa. Kuma ba a zuwa kasuwa da ita, ba a tsayuwar salla da ita, ta gudu ce kaɗai. Ƙafa ta biyu ce ga wanda ya riga ya mallaki ta farko. In kuwa bizar ziyara wani ya ce ka yi ka zo a duba ka, a nan ba ƙafar kyauta, kuɗin ma da ƙarin rabi ake caji baƙo.

Sannan taka ba irin tawa ba ce. Ni ƙasan gwiwa aka yanke, gwiwata ta Allah tana nan. Kai sama da gwiwa ne, sai an haɗa maka da gwiwar ƙarfe, kuma kowane taku yana cin ƙarfinka fiye da nawa nesa ba kusa ba. Akwai gwiwa mai kwamfuta, irin C-Leg da kamfanin Ottobock na Jamus ya fitar a 1997, mai gane tuntuɓe ta ƙame kafin mutum ya faɗi. Kuɗinta a asibitin kuɗi dubun-dubatar fam ne. NHS ta fara bayar da irinta a Ingila daga 2016, bisa sharuɗɗa da gwaji. Mu ƙaddara ka dace an sa maka. Biza ta ƙare, ka sauka a Kano. Gwiwar nan caji take so kamar waya, kullum ko bayan 'yan kwanaki. Tana da lokacin sabis da ake mayar da ita wurin masu ita. Ƙurar hunturu ta shige ta, ta fara ƙara tana ƙin lanƙwashewa, wa za ka kai wa a Samaru? Mai gyaran waya na PZ?

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini kafin in zo. Bizar ɗalibi an rubuta a kanta ba ka da rabo a tallafin gwamnati, don haka kuɗin da ake ba masu lalura a nan ba naka ba ne. Aiki awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin da baƙo ke samu da wuri na tsayuwa ne: ɗaukar kaya a sito, kula da tsofaffi, wanke-wanke. Na yi sito wata goma sha ɗaya. Ɗakin da kuɗina ya isa yana hawa na uku, ba lifta. Ranar da ƙanƙara ta daskare a titi na faɗi sau biyu tsakanin ƙofa da tashar bas. Na gama digirin, yau aikina na zaune ne, bara ma na yi gudun kilomita 10 da ƙafata ta yau da kullum, kuma ba wanda ya ba ni wannan a faranti. Amma har gobe a kan kujera nake sallar jam'i a ƙarshen sahu, tare da tsofaffi, domin idon sawun nan ba ya yarda da zaman tahiya. Wannan ya fi faɗuwar ƙanƙara yi mini ciwo.

Ƙwallo kuma, ashe ba ka bincika ba. Ƙwallon masu ƙafa ɗaya ba a buga ta da ƙafar roba. Cire ta ake yi a ajiye a gefen fili, a shiga da sanduna biyu, mutum bakwai-bakwai, masu tsaron gida kuma masu hannu ɗaya ne. Najeriya na da tawagarta, Special Eagles. Abin da kake buƙata don wannan ƙarfin kafaɗa ne da sanduna masu kyau, kuma duka biyun akwai su a Tudun Wada.

Ga abin da nake so ka yi. Ka koma asibitin Shika wurin masu gashin ƙashi su nuna maka naɗin bandeji da motsa jiki, kuma ka riƙa kwanciya rub-da-ciki kullum don kada cinyar ta ƙage a lanƙwashe, in ta ƙage ba ƙafar da za ta zauna maka. Ka rage tuwon dare, ƙiba da rama duk soket suke ɓatawa. Sannan ka shiga mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sashen da ake haɗa ƙafa. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi aiki da su a wannan fanni, kuma ta taimaka an buɗe wata cibiyar a asibitin koyarwa na Maiduguri. Irin ƙafar da ake yi a wuraren nan ba ta da ƙyalli, amma mai gyaranta yana nan inda za ka je da safe ka kwana a gida. Kar ka raina mai arha. Ƙafar Jaipur da aka ƙirƙira a Indiya tun 1968 an yi ta ne don mutanen da ke tsugunawa, suna zama a tabarma, suna taka laka ba takalmi, wato mu. Ka tafi da takalmin da za ka riƙa sawa, domin da tsayin dugadugansa ake saita ƙafar, in ka canja zuwa silifa sai ka ji kamar ana tura ka baya.

Kuɗin soket na farko da laina biyu ni zan biya, kai tsaye, ba ta hannun wani mai kawo kaya ba. Ka ƙarasa digirinka a harabar ABU ta Kongo, a Zariya. In ka fito da sakamakon da zai sa a ba ka tallafin karatu, ni da kaina zan zauna mu cike takardun, don karatu za ka zo. Ka turo mini hoton dungun ta gaba da ta gefe, da hasken rana, in ga yadda ɗinkin ya warke. Ka ce wa mahaifiyarka zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko.