Amsa Ga Yaya Kan Zuwa Sinima a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne ina kai iyalina sinima, sannan ko Ingila tana da fim nata na kanta, ko duk na Amurka ne tunda harshen ɗaya. Gaskiya ne ina kai su, kuma ban ji haushin tambayar ba. Na san abin da kalmar sinima take tuna maka: dare, fili ba rufi, hayaƙin taba, wurin da ɗan gidan mutunci ba ya so a gan shi.

A nan akwai hukumar tace finafinai, BBFC, tun 1912. Kowane fim sai ta sa masa alamar shekaru: U, PG, 12A, 15 ko 18. Wanda aka sa wa 15, yaron da bai kai ba ba zai shiga ba ko da ubansa na riƙe da hannunsa. Amma ma'auninsu ba namu ba ne. Akwai abin da za su ce ya dace da ɗan shekara 12, ni kuwa ba zan iya zama kusa da 'yata ana nuna shi ba. Shi ya sa yawancinmu sai mun karanta bayanin da hukumar take sakawa a intanet kafin mu sayi tikiti. Da rana muke zuwa, galibi ranar Asabar, muna lura da lokacin salla, don a hunturu kafin ƙarfe 4 magariba ta yi. Akwai gidajen Hausawa da ba sa zuwa sam, kuma ba wanda yake ganin laifinsu.

Batun fim ɗin Ingila kuwa, ba kai kaɗai abin yake rikitawa ba. A masana'antar shirya finafinai ta Pinewood, yamma da Landan, wanda aka buɗe a 1936, aka yi yawancin finafinan James Bond tun daga 1962. Na Harry Potter a masana'antar Leavesden aka yi su, da kuɗin kamfanin Warner na Amurka. Kafintoci da masu lantarki da teloli da 'yan wasa na nan ne, riba kuma ta haye teku. Gwamnati ma sai da ta kafa awo: ana duba inda labarin ya faru, da harshen, da waɗanda suka yi aikin, fim ya ci maki 18 cikin 35 kafin a kira shi na Birtaniya ya samu rangwamen haraji.

Ni dai a wurina fim ɗin Ingila na haƙiƙa shi ne ƙaramin, wanda ba mota ko guda da ta tashi sama. Gidajen haya na gwamnati, ruwan sama, layin jiran tallafi, mutane na magana da karin harshen garinsu wanda ni da na shekara ashirin a nan sai na kasa kunne sosai. Darakta Ken Loach ne uban wannan salo. Fim ɗinsa na 2016, I, Daniel Blake, labarin wani kafinta ne a Newcastle da ciwon zuciya ya kayar. Likita ya hana shi aiki, ofishin tallafi ya ce lafiyarsa ƙalau. Akwai inda wata uwa ta je wurin rabon abincin sadaka, yunwa ta sa ta buɗe gwangwani ta fara ci da hannu a gaban jama'a. Wallahi na yi hawaye, domin na san mutanen da suka tsaya a irin wannan layi, har da namu. Da samarinmu masu ganin ana tsintar kuɗi a titin Landan za su kalle shi, da sun sake lissafi.

Irin waɗannan finafinai kasuwa kaɗai ba ta riƙe su. Gidajen talabijin na BBC da Channel 4 suna sa kuɗi, cibiyar finafinai ta BFI kuma tana raba wani kaso daga kuɗin cacar ƙasa. Wannan na ƙarshen yana damun wasunmu, ni ma yana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna Baba yana ba mu labarin majigi a ƙofar fada? Turawan nan ne suka kawo shi don su koya wa kakanninmu tsafta da biyan haraji. Yau 'ya'yan 'yan Nijeriya irin su John Boyega da Chiwetel Ejiofor ne manyan 'yan wasansu. Mu Hausawa dai ba a ganinmu. A gida finafinan Kannywood muke kunna wa yara a YouTube don kada Hausarsu ta tsere, amma babu mai nuna rayuwar yaron da yake zuwa islamiyya ran Lahadi a kudancin Landan.

Babbar 'yata ta ce fim take so ta karanta a jami'a, ɗaukar hoto da tace shi, ba fitowa ba. Ban ba ta amsa ba tukuna. Ina so ka fara yi wa Hajiya bayani kafin in kira ta ran Juma'a.