Raha, Gatse da Zambo: Wasiƙa Daga Ƙasar Ailan

Wasiƙar farko a wannan mako daga birnin Cork ta fito, a kudancin ƙasar Ailan. Wani ɗalibi ne da ya je karatun jinya. Ya ce: "Malam, mutanen nan ba su da gaisuwa sai tambayar 'craic', kuma abokan karatuna kullum cikin tsokanata suke, suna kiran abin 'slagging'. Da Hausa duk barkwanci za mu ce?"

A'a, ɗana. Kalmar barkwanci ta zame mana jakar magori, duk abin da ya ba da dariya sai mu cusa a ciki, alhali muna da raha, da ba'a, da zolaya, da gatse, da habaici, da zambo, kowanne da muhallinsa.

"Craic", wadda ake furtawa kamar "kirak", raha ce, wato hirar da ta yi daɗi har aka manta da tashi. Asalinta ma ba tasu ba ce. Daga Turancin arewacin Ingila da Sikotilan suka aro ta, inda take nufin hira ko labari, suka sake mata rubutu da ƙa'idar harshensu na Gelik, ta zama 'yar gida. Haka mu ma muka yi wa "labari" daga Larabci. Saboda haka in sun tare ka da ita a hanya, "ina labari?" suke ce maka.

Shi kuwa "slagging" wasan taubasai ne, irin na Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare. Su ma suna yi tsakanin yankuna: mutumin Kerry ake jingina wa wauta, na Cavan kuma rowa. Bambancin shi ne namu gado ne, a ciki aka haife ka, nasu kuwa sai an saba da kai ake fara maka. Don haka kada ka ɗaure fuska, rama za ka yi. Mutanen Cork suna alfaharin cewa birninsu ne babban birni na gaskiya ba Dublin ba, sai ka tambaye su yaushe za a kwaso majalisar a kawo.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambayi bambancin gatse da habaici da zambo, don ɗalibanta suna cakuɗa su.

Malama, gatse shi ne ka faɗi kishiyar abin da kake nufi. Yarinya ta fasa tulu, uwa ta dubi ruwan yana malala a tsakar gida ta ce, "Sannu da aiki, ga ɗayan can, shi ma je ki fasa." Habaici kuwa jifa ne ba a kama suna ba, kamar waƙar da mace take yi a bakin turmi don kishiya ta ji daga ɗaki. Zambo na maroƙi ne, a bainar jama'a, a siffanta mutum har kowa ya gane shi.

Tunda muna kan mutanen Ailan, a ganina gatse ne ƙashin bayan hikimarsu. A 1729 Jonathan Swift, babban limamin cocin St Patrick a Dublin, ya fitar da 'yar ƙasida yana ba da shawarar talakawan ƙasar su riƙa sayar da jariransu 'yan shekara ɗaya ga masu kuɗi a matsayin nama. Ya yi lissafin riba, har da yadda za a dafa, bai ko murmusa ba. Masu gonaki da mahukuntan Ingila yake yi wa, waɗanda a ganinsa sun riga sun cinye iyayen. Mai fassara wannan da barkwanci ya cuci Swift. Gatse ne da ya kai matsayin baƙar magana.

Zambo ma sun san shi tun da daɗewa. Mawaƙan fadarsu na da, da ake kira "filí", sarakuna tsoronsu suke ji, don an yi imani zambonsu yana fito wa mutum da ƙuraje a fuska. Tsohuwar dokarsu ta Brehon har diyya ta yanka wa wanda ya yi zambo ba bisa haƙƙi ba. A tatsuniyarsu, wani sarki mai suna Bres ya sauki mawaƙi Cairbre a wani ɗan akurkin ɗaki mai duhu, ba wuta, ya aika masa da busasshiyar gurasa uku ƙanana. Gari na wayewa mawaƙin ya yi masa zambo, sarautar ba ta ƙara albarka ba. Duk basaraken da ya taɓa hana maroƙi riga ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: shin "baki shi ke yanka wuya" tana da 'yar'uwa a wani harshe?

Tana da ita, kuma a Gelik ɗin ma. Suna cewa "Is minic a bhris béal duine a shrón", wato sau da yawa bakin mutum ne ke fasa masa hanci. Ma'ana ɗaya ce, sai dai su a hanci suka tsaya, dambe kawai aka yi aka tashi, mu kuwa mun kai har gaban hauni. Abin mamaki, mutanen da suke da wannan karin magana su ne kuma suke da dutsen Blarney, a wani tsohon gidan sarauta kusa da Cork, inda baƙi suke kwanciya rigingine, wani ya riƙe su, su sumbaci dutsen don su sami romon baka. Ɗalibinmu na Cork, in ka je, ka rubuto mana ko ya yi aiki.