Tumatir, albasa ko alkama: yaya zan zaɓa?

Tambaya: Ina da hekta ɗaya a fadama da injin ban ruwa ɗaya. Wani ya ce in yi tumatir, wani albasa, wani alkama, kowa da hujjarsa. Ta yaya zan tantance?

Amsa: Malam, kowannensu gaskiya ya faɗa, sai dai kowa abu ɗaya yake dubawa. Mai tumatir riba yake hange, mai alkama ajiya. Kai kuwa dole ka auna su gaba ɗaya.

Fara da tankaɗe. Duk amfanin da ya kasa cika sharaɗin dole, cire shi tun kafin lissafi. Alkama sanyin hunturu take so, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Idan ka kai Janairu, zafi zai riske ta lokacin da take cika ƙwaya, ta tsumbure. Haka in rijiyarka tana janyewa a Fabrairu, kada ka saka abin da zai nemi ruwa har Maris.

Sannan ka rubuta ma'aunai, kada su wuce biyar. Ɗebi tsakuwa 20 ka raba musu gwargwadon muhimmancinsu a wurinka, kuma ka gama rabon kafin ka waiwayi amfanin gonar, don kada son zuciya ya shigo. A ce riba ta sami 6, ƙarancin jari 5, jure ajiya 4, ƙarancin cuta da ƙwari 3, sauƙin aiki 2.

Yanzu ba kowane amfani maki daga 1 zuwa 5 a kowane ma'auni. Nan ake yawan yin ɓarna: maki mai yawa kullum alheri yake nufi. Abin da ke cin jari sosai 1 ko 2 zai samu, ba 5 ba. Kada kuma ka sa "riba" da "farashin kasuwa" a matsayin ma'auni biyu, abu ɗaya ka ƙirga sau biyu.

Ga misali, lambobin na koyo ne, kai ka sa naka. Tumatir ya sami 5 a riba, 2 a jari, 1 a ajiya, 1 a cuta, 2 a aiki. Ajiyarsa 1 ce saboda kwandon da aka tsinka yau ba ya jiran farashi ya gyaru, kuma wanda ya ga yadda tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 ba zai yi gardamar makin cuta ba. Ninka kowane maki da tsakuwarsa ka tara: 30, 10, 4, 3, 4, jimla 51. Albasa mai 4, 2, 4, 3, 2 ta tashi 63. Alkama mai 2, 3, 5, 4, 4 ta tashi 67.

Kada ka ruga sayen irin alkama tukuna. Ɗauke tsakuwa biyu daga jari ka mayar kan riba, ka sake lissafi: albasa 67, alkama 65. Ka ga ta farko ta canza da tsakuwa biyu kacal, wato babu tazarar kirki tsakaninsu. A irin wannan hali shawarata ka raba gonar tsakanin biyun. Tumatir kuwa yana ƙasa a lissafin biyu, sai ka haƙura da shi bana.

Tambaya: A ƙungiyarmu mun kasa daidaitawa kan rabon tsakuwar. Mene ne mafita?

Amsa: Ku riƙa gwada ma'aunan bibbiyu: riba da jari, wanne ya fi? Riba da ajiya fa? Ma'auni biyar gwaji goma ne. Wanda ya fi yawan rinjaye shi ne kan gaba. Kan irin wannan gwaji wani masanin lissafi, Thomas Saaty, ya gina tsarin yanke shawara a shekarun 1970, wanda kamfanoni ke amfani da shi. Ku lura da tufka da warwara: in kun ce riba ta fi jari, jari ya fi ajiya, sannan ajiya ta fi riba, ku sake tattaunawa. Kowa kuma ya fara yin nasa shi kaɗai kafin a haɗa, domin idan shugaba ya riga magana, sauran kan bi bakinsa.