Ragowar manjan suya zai iya zama gazuwal?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai injin niƙa ne a unguwar Birni nan Damagaram, uwargidana tana suyar ƙosai da awara, in manjan ya yi baƙi sai ta juye a bido ta ajiye, yanzu ya kai lita goma. Na ji wai ana maida shi gazuwal a gida, da gaske ne? Ko in tace in zuba ma injin haka nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, tun 1900 aka tada injin dizal da man gyaɗa a baje kolin Faris. Amma don Allah kar ka zuba shi haka nan, manja kauri gare shi, zai toshe ma bakin feshin mai ya tara baƙin dauɗa a ciki, abin da ka rage na gazuwal makanike zai cinye har da ƙari.

Sai an raba man da gilisarin ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke sa masa kauri. Da farko a tace da kyalle, a ɗora a wuta har ruwan ciki ya ƙone ya bar tartsatsi, don in da ruwa ko kaɗan sabulu za ka samu ba mai ba. Lita ɗaya tana cin metanol (wani irin alkol ne na masana'antu) mililita 200 da sodar sabulu giram 3.5, amma fa wannan awon sabon mai ne, wanda ya sha suya tsami ya ƙaru a cikinsa sai an ƙara soda, shi ya sa nake cewa fara da lita ɗaya tukuna ka ga yadda zai yi kar ka tashi da goman nan gaba ɗaya. A narkar da sodar cikin metanol, a zuba a man da ɗuminsa bai wuce digiri 55 ba, a yi ta motsawa kamar awa guda, a bar shi ya kwana. Da safe gilisarin ya kwanta a ƙasa baƙi-baƙi, na saman shi ne naka, a wanke da ruwan ɗumi a hankali har ruwan ya fito garau, a busar.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne metanol ɗin nan. Guba ce, kurɓi kaɗan na makantar da mutum ko ya kashe, tana shiga ta fata da numfashi, kuma in ta kama wuta da rana ba ka ma ganin harshen wutar. A kashe murhu kafin a buɗe ta, a yi aikin a fili nesa da yara, da safar hannu da tabarau, ban da tukunyar alminiyon don soda na cin ta. Ban yarda a yi shi kusa da kaskon uwargida ba sam.

Sannan man da aka yi da manja yana fara daskarewa in sanyi ya sauko wajen digiri 15, ka kuwa san daren hunturun Damagaram, to lokacin nan sai ka gauraya shi da gazuwal na gidan mai, naka kashi ɗaya, na gidan mai kashi huɗu. Ka dinga leƙa filta da tiyon roba, yana narkar da tsohuwar roba. Ba ya yi ma babur ko injin esans.

In metanol ta gagara samuwa kar ka maye ta da alkol na famasi, ruwa gare shi. Gara uwargida ta haɗa lita goman nan da soda ta yi sabulun wanki, ranar Alhamis ta kai kasuwar Dole.