Zuwa ga Yayana na Wusasa, kan godiyar da muka yi a Kumasi

Yaya, saƙonka ya iso, sai da na karanta shi sau uku kafin zuciyata ta sauka. Ka ce ka ga bidiyon godiyar da muka yi a coci bayan 'yarka da na haifa ta gama karatun likita a Jami'ar Kwame Nkrumah, dukanmu cikin fararen kaya, ana kiran sunana a lasifika tare da adadin sidi, kuɗin Gana, da na ba da baiko. Ka tambaya ko Kumasi ta cinye mana kunya ne, ko kuwa Matiyu sura 6, wadda ta ce a yi sadaka a ɓoye, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki na Gana. Ta biyun ta yi zafi, amma na san bakinka tun muna yara.

A ƙasar Asante abin da aka bayar a ɓoye kamar ba a bayar ba ne. Je ka jana'iza ranar Asabar, za ka tarar da tebur da masu rubutu. Ka miƙa gudummawarka, a ba ka rasit, mai shela ya faɗi sunanka da abin da ka kawo. Bashin zumunci ne ake rubutawa domin ranar da taka ta same ka a san abin da za a mayar. Matanmu na gida ba haka suke yi da biki ba? Kuma maroƙin da ke tsayawa yana cewa wane ya ba da kaza, Allah ya ƙara arziki, ai ba daga Kumasi aka kai muku shi Zariya ba.

Wannan al'ada ce ta bi mutane cikin coci. Akwai baikon da ake kira Kofi ne Ama, inda kowa ke fitowa bisa ranar da aka haife shi, a ƙirga, a faɗi ranar da ta yi nasara. Ni haihuwar Juma'a ce, saboda haka Kofi nake a nan, Ɗanjuma a wurinku. Ama kuma ita ce Asabe. Ka ga ba mu yi nisa da juna kamar yadda kake zato ba.

Na san inda maganarka ta dosa, ko da ba ka faɗa ba: auren Ba'asantiya ne ya jawo. Shekara talatin ke nan kuna faɗin haka a bayan idona. Gaskiya ne dangin uwarsu suna lissafa yaran nan a cikin nasu, domin su ta wajen uwa ake bin dangi. Mu kuma ta wajen uba. Sai yaran suka tashi da gida biyu, babu wanda ya ƙi su. Hausarsu ta zango ce, suna ce wa mace "ya zo", na yi gyara har na gaji. Maƙwabtanmu Musulmi na Aboabo da Asawase, waɗanda muke cin tuwon salla tare, har gobe wani cikinsu yakan dube ni ya ce, Bahaushe kuma Kirista? Ku kuma ku ce Kirista ne, amma anya Bahaushe? Baba ya zo garin nan da keken ɗinkinsa tun kafin Gana ta sami 'yanci a 1957, ya tsallake korar baƙi ta zamanin Busia a 1969 da ƙyar, kuma har ya rasu bai taɓa yin addu'ar safe da wani harshe ba sai Hausa, daga tsohuwar fassarar nan ta 1932 da ya zo da ita a akwati. Tana hannuna, bangon ya rabu.

To amma ba zan ɓoye maka ba, ka taɓa wani wuri mai ciwo, sai dai ba wanda ka nufa ba.

Shekaru da yawa ni ne mutumin da ba ya yarda a kira sunansa. Ambulan ba suna nake sakawa, in koma kujerata in naɗe hannu, ina kallon masu rawa da kuɗi a hannu ina cewa a raina, mu ba haka aka rene mu ba. Wata Lahadi muna hanyar gida na fara wannan gunaguni, sai uwar yara ta ce, "Maigida, kai ma kana so a sani. Kana so a san cewa kai ne wanda ba ya so a sani." Na yi kwana biyu ina cin magani. A Luka 18, Bafarisiyen nan da ya je Haikali yin addu'a bai yi ƙarya ko ɗaya ba, yana azumi, yana ba da zakka. Abin da ya kayar da shi godiyar da ya yi cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne. Ni kuma ina gode wa Allah da ya yi ni ɗan Wusasa mai kawaici.

Mu ɗin ma, Yaya, a faɗi gaskiya. Ka kawo mini misalin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje zamanin Shagari, bai ɗauki kansa komai ba. Ban musa ba. Amma sau nawa muka zauna muna lissafin cewa likitan farko na Arewa, Dokta Dikko, namu ne, Janar Gowon a unguwarmu ya tashi? Tawali'un nasu ne, mu kuwa mun mai da shi babbar riga muna taƙama.

Ranar godiyar nan da ka gani, da aka kira sunana na ji daɗi, har na lura abin da na bayar ya fi na wani maƙwabcina da ɗansa ya gama bara. Mutanen nan kome ka tambaye su sai su ce Nyame adom, wato alherin Allah, ni ma na faɗa a lasifika, amma a zuci ina ƙirga dararen da na kwana a shago. Sai da muka fito ɗaukar hoto na hangi surukata a gefe tana gyara ɗankwali. Shekarar da shagona ya durƙushe, yarinyar tana aji biyu, tsohuwar nan ce ta kwance kuɗin adashinta na kasuwar Kejetia ta biya kuɗin makaranta, ta kuma hana a gaya mini sai bayan shekara. Ba'asantiya ce, daga cikin mutanen da na ce ba su san ɓoye alheri ba. Babu wanda ya kira sunanta ranar, har da ni da nake riƙe da makirufo. Tambayar da Manzo Bulus ya yi wa Korantiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba, na haddace ta tun a makarantar Lahadi, ranar ce ta kama ni a ƙofar coci.

Washegari na je gidanta da turmin atamfa, na durƙusa irin tamu. Ta yi dariya ta ce in tashi kada in ɓata wando, ta zubo mini fufu.

Likitar taku za ta zo muku Kirsimeti in Ubangiji ya yarda. Tana son ganin kabarin Kaka da tsohon cocin ƙasa na Wusasa. In ta ce "Goggo ya dawo", don Allah ku bar ta ta gama gaisuwa kafin ku fara dariya.