Amsa ga Sayyadin da ke son kai Hajiya tsibirin Madelen

Wa alaikumus salam, Sayyadi. Tun da asuba na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, domin abin da ka rubuta ni ma ya taɓa cina. Ka ce bayan Maulidi za ku taso daga Kaulaha ku jira jirgin sama a Dakar, kana son haurawa wannan ɗan tsibirin dutse da ake hangowa daga titin Kornish, ba ka iya ruwa ba, Hajiya mahaifiyarka na tare da kai, kuma wani ya ba ka lambar mai kwale-kwale da zai kai ku da araha ba sai an bi ta ofishin da ke kula da tsibirin ba. Wannan ta ƙarshen ce ta faɗar min da gaba. Don girman Allah ka goge lambar nan.

Mu ma da araha aka ja mu. A bakin kasuwar kifi ta Sumbejun wani saurayi ya tare mu, carbi a wuya, yana ta "sannu Alhaji, sannu Sayyadi" da 'yar Hausarsa ta tsintuwa. Ya ce shi ma almajirin Baye ne, wato Shehu Ibrahim Inyass, ofis na Turawa ne, mu 'yan gida ba sai mun je can ba. Wa zai yi zargin mai irin wannan magana? Ya karɓi kuɗin zuwa da dawowa cif, ya miƙa mu hannun wani mai jirgi da ko gaisuwa ba ma fahimtar juna da shi, shi kuwa ya tsaya a kan yashi yana ɗaga mana hannu. Da kawuna ya tambayi rigar ruwa, buɗar bakin yaron nan sai ya ce ai mutanen Baye ruwa ba ya cinsu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ka ci kuɗina, na yafe. Amma ka ɗauki sunan Shehu ka yi tallar kwale-kwale da shi, ka tura dattijo cikin teku ba rigar ruwa? Wannan tsakaninsa da Allah.

Ido na cewa kusa ne. Ba kusa ba ne, wajen kilomita 4 ne daga gaɓa, kuma Atlantika ce, ba madatsar Tiga ba. Muddin kuna cikin lungun Sumbejun ruwa lafiya lau, kuna fita sarari jirgi zai fara hawa yana sauka. Tafiyar kusan rabin awa ce. Kada ka ci mai maiƙo kafin ka shiga, kada kuma ka shiga da yunwa, kuma ka kafa ido a kan tsibirin, ban da kallon ƙasan jirgi, in ba haka ba jiri da amai.

Babban tsibirin, wanda suke kira Sarpan, baƙin dutse ne irin na aman wuta, ya miƙe tsaye daga cikin ruwa, wani gefen ya haura mita 30. Babu yashin da jirgi zai kwanta a kai. Mashiga ɗaya ake amfani da ita, wata siririyar tsaga tsakanin duwatsu da ake kira lungun Uber. Wanda ya san aikinsa yakan tsaya a baki ya karanci igiyar ruwa, ya bar manya su wuce, sannan ya danna wuta ya shige. Namu bai tsaya ba. Muna kaiwa daidai bakin tsagar inji ya yi tari ya mutu. Sayyadi, ban san yadda zan gaya maka ba. Ruwa ya ɗaga mu ya nufi dutse da mu, ina ganin ƴan ƙananan kaguwa suna gudu a jikinsa, kusancin ya kai haka. Ya janye mu baya, ya sake ɗagawa. Mai jirgi yana ta fizgar igiyar inji yana zage-zage da Wolof, yaronsa ya ɗauki sanda yana tokare dutse, sandar tana zamewa. Kawu ya riƙe min hannu har farcensa ya shiga fatata, bakinsa na ta Salatul Fatihi, muryar na rawa. Ni kam kalmar shahada kawai ke fita. Abin da ya tsaya min a rai a lokacin shi ne, me zan gaya wa 'ya'yansa a Kano, ni da na ce ya zo mu sha iska? Ruwa ya shigo har idon sawu, wayar wani abokin tafiyarmu ta tafi ke nan. A fizga ta ban san nawa ba inji ya kama. Da muka taka dutse, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, sai da na zauna.

Ba a nan ta tsaya ba. Mai gadin wurin ya tambayi takardar shiga, ba mu da ita. Wurin gandun gwamnati ne tun 1976, ba a sauka sai da izini, kuma saurayin nan ya san haka sarai. Mai gadin bai yi mana wulaƙanci ba, aikinsa ya yi, muka biya abin da ya kamata a biya tun farko. Ina arahar take? Mai jirgi kuma ya nuna rana da hannu, wai bayan la'asar zai dawo, ya tafi kamun kifinsa. La'asar ta yi ta wuce. Ba rijiya, ba famfo, ba mai sayar da ko ruwan leda, babu wanda ke zaune a tsibirin, kuma doka ta hana kwana. Kawu mai ciwon suga ne. Ruwanmu ya ƙare, mai gadin ne ya ba shi nasa, Allah ya saka masa da alheri. Sai dab da magariba mutumin ya ɓullo, ko kunya babu, har yana neman ƙarin kuɗin mai. Washegari na koma Sumbejun neman mai carbin, kowa ya ce bai san shi ba.

Duk da haka ba zan ce kada ka je ba, wurin ya cancanci gani. Akwai kuka a can da ban taɓa ganin irinta ba: iskar teku ta hana ta tashi, sai ta baje a ƙasa, gajeriya mai kauri, rassa na jan ciki. A tsibiran nan ne wani Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Adanson, ya ga kuka a 1749, shi ne wanda masana suka laƙaba wa bishiyar sunansa. Akwai wani farin tsuntsu mai jan baki da doguwar jela siririya, yana ƙwai a ramukan dutse, kada ka zura hannu ko ka matsa don hoto. Farin da ka hango a kan duwatsu daga gari kashin tsuntsaye ne. Cikin lungun ruwa kwance yake garau, mutane na wanka, amma kai da ba ka iya ruwa ba ka tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kuma da takalmi, domin akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi a tsakanin duwatsu, in ta karye a tafin ƙafa sai allura.

Ka je ofishin gandun, yana nan kan Kornish kusa da Sumbejun, su haɗa ka da jirgi da mai rakiya. Ka sa rigar ruwa ka ɗaure ta tun kana kan tudu. In suka ce yau teku ba kyau, ka ce to, ka koma masauki, ban da roƙo. Ka tafi da safe. Babbar riga da silifas ka bar su a ɗaki, dutsen na da santsi da kaifi. Fasfo kuma kada ya shiga kwale-kwale sai a cikin leda. Alwala ba matsala, ruwan teku yana tsarkakewa, na sha shi ne abin tanadi, ka ɗauki fiye da yadda kake zato.

Wani abu kuma, masunta 'yan ƙabilar Lebu sun yarda cewa aljanin da ke tsare Dakar, Lek Dawur, a tsibirin yake zaune. In mai jirgi ya ambata, kada ka tsaya yi masa wa'azi a tsakiyar ruwa, na ga wani namu ya fara, sai da aka taka masa ƙafa. Kada kuma ka ɗebo komai, ko tsakuwa.

Hajiya kuwa, Sayyadi, kada ka kai ta. Ko da ruwa ya kwanta, sauka daga kwale-kwale zuwa jiƙaƙƙen dutse aikin mai ƙarfin gwiwa ne, sannan hawa ne a kan tudu, ba inuwa. In tana son ganin teku, kai ta tsibirin Gore. Babban jirgi ne mai kujeru, yana tashi daga tashar jiragen ruwa ta cikin gari, minti 20 kun isa, akwai gidan bayi na tarihi, akwai masallaci, akwai inda za ta zauna ta sha ruwa. Ku riƙe katin shaida, ana tambaya wajen shiga. Ka gaishe min da ita, kuma in kun isa Madina Baye a Kaulaha a sa Kawu a addu'a, jikin nasa sai a hankali.